Wanzamin da Bai Taɓa Riƙe Aska Ba

A shekararmu ta biyu a Alƙahira na fara aiki a gidan wata tsohuwa Ba'indiya a unguwar Mohandessin. Maigidana, wanda nake kira Malam, yana karatun digirin digirgir a fannin fiƙihu. Muna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Ainu Shams, ni kuwa ban da girki da wanki da kallon shanyar maƙwabta ta taga, babu abin da nake yi. Wata 'yar garinmu da mijinta ke aiki a ofishin jakadanci ce ta yi mini hanya. Ta ce maƙwabcinsu injiniya ne daga Indiya, shi da matarsa duk suna fita aiki, suna neman wadda za ta riƙa zama da mahaifiyarsa da ɗansu ƙarami, wadda ke jin Turanci da Larabcin kasuwa. Malam ya ɗan ja rai, sannan ya ce in je in gani.

Tsohuwar 'yar firit ce, kullum cikin farin zane, kanta fari fat. Mama nake ce mata. Ranar farko ta zaga da ni gidan ɗaki ɗaki, da muka iso ƙofar kicin sai ta tsaya, ta ja layi a ƙasa da babban yatsan ƙafarta, ta dube ni. Ban buƙaci tafinta ba. Ta kuma nuna mini wani kofin gilashi da ke kan taga shi kaɗai, nesa da kofunan ƙarfe na gidan, ta ce nawa ne.

Da farko na ɗauka don ni baƙa ce, ko don Musulma ce. Sai na ga direban injiniya, Ba'indiye ɗan'uwanta mai addini irin nata, ko kofin gilashin ba ya samu. In ya ji ƙishirwa haɗa tafin hannunsa yake yi, ta tsiyaya masa ruwa daga sama. Wata rana na tambayi injiniya, ya sosa kai ya ce a ƙasarsu kowa da rukunin da aka haife shi a ciki: akwai masu karatu da jan ibada, su ne Barahmin, irinsu ke nan, akwai masu sarauta, da 'yan kasuwa, da masu aikin hannu, can ƙasa kuma akwai waɗanda ko taɓa su ba a yi. Ya ce doka ta hana wulaƙanta kowa saboda haka tun kafin a haife shi, amma mahaifiyarsa ba ta taɓa karanta dokar ba. Ya ce in yi haƙuri. Na ce babu komai, kofina ma ya fi nasu kyau.

Haka muka zauna har ranar da Mama ta zame a banɗaki ta karya hannun dama. Nan aka shiga matsala, domin ita ke girka abincinta. Surukarta takan yi girki da safe kafin ta fita, amma Mama ba ta cin abin da ya kwana ko ya huce, ba ta kuma cin na hannun wanda ba Barahmin ba. Ta koma ayaba da madara. Ta rame, ta yi ta faɗa da kowa, har da mai gadin bene. Wani hantsi ina ninke kayan yaron ta kira ni, ta ce in zauna.

"Mahaifinki me yake yi?"

"Malami ne, Mama. Yana karantar da Alƙur'ani a zauren gidanmu."

"Mahaifinsa fa?"

"Shi ma haka."

"Da ka suke karantawa ko sai sun duba?"

"Da ka."

"In an yi haihuwa ko mutuwa a unguwa, wa ake kira?"

"Shi ake kira."

"Ana ba shi wani abu?"

"Ana ba shi."

"Yana yi musu godiya?"

Na yi ɗan tunani, na ce gaskiya addu'a yake yi musu, su ne ke godiya. Mama ta bugi gwiwarta da hannunta mai lafiya, ta ce, "Barahmin ne."

Na ce mata mu Musulmi ne, babu wannan a wurinmu, duk ɗaya muke. Ta ce ɗanta ma haka yake cewa game da Indiya. Na ce muna cin nama. Ta runtse ido kamar na taka mata ƙafa, can ta buɗe ta ce a gabashin ƙasarsu akwai Barahmin masu cin kifi, suna kiransa ganyen ruwa, kowace ƙasa mai nisa da irin jarrabawarta. Ta kafa mini sharuɗɗa: in na iso in yi wanka, domin ba ta san wa na goga a jirgin ƙasa ba, in ɗaura zanen da za ta ba ni, kada in ɗanɗana abinci a tukunya, babu albasa, babu tafarnuwa. Kashegari na tsallake layin ƙofar kicin, aka ba ni kofin ƙarfe. Ita tana kan kujera 'yar tsuguno tana ba da umarni, ni ina dafa shinkafa da adas, wani irin ƙananan wake, ina murza musu gurasarsu mai faɗi wadda tawa ba ta taɓa fita da'ira ba. Ta ci har ta yi gyatsa.

Da ta ƙoshi sai ta sami ƙarfin ci gaba da tambaya. Ta ce mijina fa, me yake yi? Na ce shi ma malami ne, nan gaba kaɗan dakta za a riƙa ce masa. Ta gyaɗa kai cikin gamsuwa. Ta ce mahaifinsa fa? Na ce wanzami ne. Ban san kalmar da Turanci ta yadda za ta ɗauke duka aikin ba, sai na kwatanta mata: aski, kaciya, ƙaho, cire beli, askin jariri ranar suna. Na ce tun kakan kakansu sana'ar gidansu ke nan, kawunsa ma shi ne Sarkin Aska na garinsu.

Mama ta ajiye cokali. Ta dubi kwanon da ta share, ta dube ni.

"Wa ya yarda aka yi wannan auren?"

Na ce mahaifina. Amma na gaya mata gaskiya, gwaggona ba ta so ba. Ta ƙi zuwa bikin, ta ce ɗan wanzami ko ya haddace littattafan duniya zabira ce gadonsa, wato jakar fatar da suke zuba asake a ciki. Sai da mahaifina ya je har gidanta ya yi mata wa'azi, duk da haka har yau in ta gaishe da Malam sama sama take yi.

"Gwaggon nan taki tana da rai?"

"Tana nan."

"Ki gaishe ta. Mace ce mai hankali."

Ta daɗe tana kallon hannunta da ke cikin ɗauri. A ƙa'idarsu mace mijinta take bi, ke nan ni matar wanzami ce, bai kamata in leƙa kicin ba balle in taɓa tukunya. Amma hannun bai warke ba, ayaba kuma ta ishe ta. A ƙarshe ta ce, "Ba ki faɗa ba, ban ji ba. Gobe ki rage gishiri."

Hannun ya warke, amma ban bar kicin ba, don ta saba da zama tana ba da umarni. Muka shiga shekarar dubu biyu da goma sha uku, lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, sojoji suka cika manyan tituna da bakin gadoji. A lokacin ne maganar gashin yaron ta taso. Tun da aka haife shi ba a taɓa aske masa kai ba, gashinsa har kafaɗa, baƙi wul, kullum cikin man kwakwa. A al'adarsu dole a yi masa askin farko kafin shekararsa ta uku ta fita, a ce an rabu da gashin da ya zo da shi daga ciki. Sun so su je gida a yi, amma aikin injiniya ya hana, takardunsu na zama kuma suna wurin sabuntawa. Mama ta ce a nan za a yi, kuma wanzami na gado ne kaɗai zai taɓa kan jikanta.

Injiniya ya kawo mai askin da ke ƙasan benensu. Mama ta sa na tambaye shi da Larabci sana'ar mahaifinsa. Mutumin ya ce kwandastan bas ne, Allah ya ji ƙansa. Aka sallame shi. Na biyu mahaifinsa malamin lissafi ne. Na uku ya ba mu fata, don mahaifinsa mai aski ne, har ya fara buɗe jaka, sai Mama ta ce a tambayi kakan. Ya ce masunci ne. Ya fita yana tambayata a hankali ko aure ake nema wa yaron.

Da yamma ina haɗa kayana zan tafi, Mama ta riƙe gefen mayafina.

"Maganar nan da ba ki faɗa ba," in ji ta, "yanzu na ji."

Sai da na bari Malam ya ci abinci sannan na gaya masa. Ya kamata in bayyana cewa Malam bai taɓa riƙe aska ba. Tun yana ƙarami aka kai shi makaranta a wani gari, ƙannensa ne suka ɗauki zabira. A cikin ɗalibai 'yan'uwansa na Alƙahira babu wanda ya san gidansu. In an tambaye shi cewa yake mahaifinsa yana harkar lafiya. Kansa ma wani Basudane ne ke aske masa a bayan masallaci.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ke kika gaya mata?"

"Tambayata ta yi, Malam."

"Na baro Najeriya, na tsallake sahara, na zo ƙasar da babu wanda ya san ni, sai wata tsohuwa daga Indiya ta gano ni."

Ya ce ba zai yi ba, kuma ma ibadarsu ce, bai halatta ba. Ya sauko da littattafai ya baza a tabarma. Kwanaki yana dubawa, ni ina kallonsa ta ƙofar kicin, na kuma gane haramci yake nema. Bai samu ba. Duk inda ya buɗa sai ya tarar cewa Musulmi zai iya yi wa wanda ba Musulmi ba aikin da shi kansa halal ne, aski kuwa aski ne, matuƙar bai shiga bautarsu ba. Ya rufe na ƙarshe da ɗan ƙarfi, ya ce duk da haka ba zai yi ba.

Sai ga injiniya da kansa a Ainu Shams wata Juma'a, ya hawo benenmu yana haki. Ya zauna a tabarmarmu, ya sha shayi a kofinmu, ya ga dambun naman da aka aiko mana daga gida ya tambayi ko mene ne, ya ci, ya ƙara, ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ya ce ya san abin da mahaifiyarsa ke nema rashin hankali ne, amma ta yi alwashi ba za ta sake cin shinkafa ba sai an aske yaron, kuma likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Daga nan ya ba da labarin wani abokinsa na jami'a, ɗan gidan masu jimar fata, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu. Ya taɓa kawo shi gida hutu. Abokin na fita mahaifiyar injiniya ta wanke inda ya zauna da ruwa, ashe ya manta jakarsa, ya dawo ya tarar da ita tana wankewar. Ya ɗauki jakar ya yi sallama da ladabi, bai sake yi wa injiniya magana ba har suka gama karatu.

Malam ya ajiye kofin shayinsa. Can ya ce shi ma a makaranta ɗan aska ake ce masa, in ya zo wucewa yara su dafe kawunansu suna dariya. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Suka zauna su biyu suna kallon kwanon dambu. Da injiniya zai tafi Malam ya ce zai yi, amma a baranda, nesa da wurin ibadarsu, kuma aski kaɗai. Injiniya ya ce tamam, ya yarda, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

Saura koyon askin. Malam ya kira mahaifinsa a waya, ya buɗe murya ina ji. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, wani yaro zan yi wa aski."

Tsohon ya ce, "Karatun ya ƙi ke nan?"

"A'a Baba, karatu lafiya. Wasu Indiyawa ne suke neman wanzamin gado."

"Indiyawa. Masu gashi kamar jelar doki?"

"Su. Yaya ake riƙe askar?"

"Wace aska? Ni rabona da aska tun da ma'aikatan asibiti suka zo suka ce tana yaɗa cuta. Inji nake sa wa. In babu wuta, reza."

"Zabirar fa?"

"Mahaifiyarka na zuba zare da allura a ciki."

Duk da haka muryarsa ta canja, ana jin daɗi a cikinta. Ya ce a jiƙa kan sosai, a ja fatar da babban yatsa, a bi inda gashi ya kwanta, kada a saurari uwar yaro. Ya ce kuma kada Malam ya yi kunya ya baro kasonsa na naman, haƙƙin gidansu ne.

"Baba, ba sa cin nama."

"To me suke yankawa?"

"Kwakwa suke fasawa."

"Allah ya kyauta," in ji tsohon. "Karɓo kwakwar."

Muka je kasuwar Ataba muka sayo aska mai ninkewa, irin wadda ake sa wa sabuwar reza. Mai shagon ya ɗauka shago za mu buɗe, ya so ya haɗa mana da kujera da madubi. A hanya muka sayi kankana. Malam ya riƙa shafa mata sabulu yana bi da aska, in ya yanke ta mu sha, a kawo wata. Na sha kankana a makon nan har na tsane ta. Da ya ga hannunsa ya fara faɗawa sai ya koma kan ƙaurinsa, ya aske na dama tas, na hagu ya ji masa ciwo ya bari.

Ranar askin ya sa babbar rigarsa ta Idi da hula, muka tafi da hantsi. Ya taɓa zuwa gidan sau ɗaya ɗaukata, a lokacin a kan kujerar falo aka zaunar da shi, a matsayin malamin jami'a. Wannan karon Mama ta tare shi a ƙofa da fara'a irin wadda ban taɓa gani a fuskarta ba, ta nuna masa wata 'yar kujerar katako a baranda, kusa da bokitin shara. Ta ce in kai masa shayi a kofin gilashin kan taga. Zan fita da shi ta ce in ajiye a ƙasa, kada hannuna ya taɓa nasa, don ina kan girki.

"Mama, mijina ne."

"A gidanku," in ji ta.

Na ajiye kofin a gabansa. Ya dube ni ta ƙasan ido, ni kuma na kasa haɗa ido da shi don kada dariya ta kufce mini.

Suka gama addu'o'insu a ciki da fitila da turare, injiniya ya fito da yaron ya zaunar da shi a cinya, an cika masa hannu da alewa. Malam ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya fara rage gashin da almakashi. Wannan ya tafi daidai. Da aka zo kan aska ne ya gane bambancin yaro da kankana, domin kankana ba ta waiwaye in tattabara ta wuce. Ga man kwakwa ya sa kan santsi. Uwar yaron tana tsaye tana ta magana da yarensu, Malam ya bi shawarar mahaifinsa bai saurare ta ba, ko da yake dama ba ya jin yaren. Zufa ta jiƙa masa riga. An ce ya bar ɗan tukku a tsakiyar ƙeya, sai ya manta ya aske wurin, dole ya bar shi a gefe, can saman kunnen hagu. Ya ɗan yanki yaron a bayan ɗaya kunnen, yaron ya tsala ihu, aka ƙara alewa. Da aka gama, kan ya yi kama da gonar da awaki suka shiga: nan fili, nan tsiro.

Uwar ta rufe baki da hannu. Injiniya ya kalli sama. Mama ta zo ta kama haɓar yaron, ta juya kan dama da hagu, ta daɗe tana dubawa. Ta ce haka askin mutanen da yake, kafin zamani ya lalata sana'ar, kuma tukkun gefe tabbas al'adar zuriyarsu ce. Ta ce hannu ba ya manta abin da ke cikin jini. Ta shafa wa kan kurkum, ta shiga ta fito da faranti: shinkafa, kwakwa, da farin yadi. Ta ajiye a ƙasa a gaban Malam. Ya tsaya yana kallon farantin, na ga kamar zai ce wani abu, sai ya sunkuya ya ɗauka ya ce ya gode. Ya tafi gida da kwakwarsa a jirgin ƙasa.

Da la'asar injiniya ya ce zai kai yaron shan iska, ya sauka da shi wurin mai askin nan ɗan kwandasta, aka gyara kan ya yi sumul. Kashegari Mama ta kira ni ta nuna mini. Ta ce in duba yadda ya kwanta cikin dare, askin wanzamin asali ko bayan ya tafi ci gaba yake da aiki.

Sauran gashin kuma dole a kai shi kogi. Mama ta cusa shi cikin curin ƙullun alkama, ta naɗe a jan ƙyalle. Kogin da ya kamata yana Indiya, amma ta ce Nilu ma babba ne, za ta yi maneji. Direba ya ajiye mu kusa da wata gada, muka taka, ita a gaba da ƙullinta, ni a baya da lema. A bakin gadar akwai motar sojoji. Wani soja matashi ya ga tsohuwa da baƙar mace suna leƙen ruwa da jan ƙulli, ya ce mu tsaya. Ya kwance ƙyallen da bakin bindiga, ya fasa ƙullun, sai ga gashin mutum. Ya ja da baya yana neman tsari, ya dube ni ya ce wa muka yi wa asiri.

Na ce ba asiri ba ne, gashin jikanta ne. Ya ce to jikan me ya yi mata? Na shiga yi masa bayani da Larabcina na sayen tumatir: askin farko, wanzamin gado, mijina da ke karatun fiƙihu, mahaifina da ya zama Barahmin bai sani ba. Ina yi ina jin yadda maganar ke ƙara lalacewa. Mama ta gaji da tsayuwa, ta ce in tambaye shi sana'ar mahaifinsa. Na ce Mama, soja ne. Ta ce in tambaya. Na tambaya. Ya ɗan yi turus, sannan ya ce mahaifinsa yana da kwalekwale a kudu, yana tsallakar da mutane, kakansa ma haka.

Fuskar Mama ta washe. Ta ce ai shi ya kamata ya jefa, aikin gidansu ne, Allah ne ya ajiye shi a nan. Na fassara. Sojan ya waiwaya ya dubi motarsu, babu mai kallonsa, ya ce, "Khalas, shi ke nan, kawo." Ya dunƙule ƙullun da gashin, ya wurga can tsakiyar ruwa, ya goge hannu a wando ya ce yalla, maza mu bar wurin. A mota Mama ta ce Masar ƙasa ce mai tsari, mutanenta ne kawai ba su san kansu ba. Ranar ta ci shinkafa faranti biyu.

Daga nan Malam ya zama wanzamin gidan, ko ya so ko bai so ba. A ƙasarsu wanzami ba aski kaɗai yake yi ba, shi ke yanke farce, shi ke kai goron gayyata gida gida, shi ke binciken dangin da za a aura. Mama ta riƙa aiko ni da saƙo: farcen injiniya ya yi tsawo, akwai gayyatar da za a kai wa wasu Indiyawa a wata unguwa. Kullum Malam ya ce in ce yana rubutun digiri. Ita kuma ta ce ma'alish, babu komai, a Indiya ma wanzaman yanzu girman kai ya yi musu yawa.

Shekara na zagayowa aikin injiniya ya ƙare suka koma gida, mu ma Malam ya kammala muka dawo Najeriya, ya fara koyarwa. Wata rana da azahar wayata ta yi ƙara, lambar waje, sai na ji muryar Mama tana ihu kamar daga tsallaken kogi take magana. Ta ce ɗan ƙanwarta zai yi aure, yarinyar iyayenta suna zaune a Dubai, tana so wanzaminsu ya je ya binciko mata asalinsu da halinsu, tun da kusa da mu ne. Na miƙa wa Malam wayar. Ya gaishe ta, ya ce mata Dubai ba kusa da mu take ba, jirgin sama ake hawa. Ta ce ita ba ta taɓa jin wanzami ya ce wuri ya yi nisa ba, ta faɗi sunan mahaifin yarinyar sau biyu, ta kashe.

Malam ya yi tsaki ya ajiye wayar. Bayan sallar isha'i na ji shi a tsakar gida yana waya da wani tsohon abokin karatunsa da ke limanci a can, yana cewa don Allah in babu damuwa akwai wani Ba'indiye mai shagon kayan gini da yake so a duba masa. Abokin ya bincika ya ce mutanen kirki ne, ba su da abin faɗa sai yawan rowa. Malam ya aika wa injiniya haka, bai rage komai ba. An yi auren.